Kifayen Merrin Sun Warke

Ranar da Merrin Tregear ta shigo ɗakin shayi tana dariya, ni gabana ne ya faɗi. Shekara da shekaru muna aiki tare a cibiyar binciken jini a nan Adelaide, teburinta na jikin nawa, amma ban taɓa ganin haƙoranta ba sai in tana cin tuffa. Yau ga ta da tire cike da fasti mai zafi irin na garinsu, nama da dankali an naɗe cikin ɓawon fulawa, wai da asuba ta tashi ta gasa.

Na ce, "Lafiya, Mez? Ko zazzaɓi ne ya taɓa miki kai?"

Ta ce, "Ci ki yi shiru, Glenys. Kifayena sun warke."

"Kifayen da kika ɓata rabin rayuwarki kina sa musu ciwo? Ai wannan jaje za a yi miki, ba barka ba."

"Ke dai kunnenki ba ya son alheri. Sun daina zubar da jini, gaba ɗaya. Na gwada, na sake gwadawa, har idona ya yi ja." Ta ajiye tiren. "Jiya na kira Keziah na faɗa mata."

Keziah 'yar yayarta ce. Na ajiye fastin da na ɗauka.

Mu biyu kifi muke kiwo a ƙasan bene, 'yan ƙananan nan masu zane irin na jakin dawa, babbansu bai kai ɗan yatsa ba. Jininsu yana daskarewa kusan yadda namu yake yi, 'ya'yansu kuma a kwanakin farko garau suke kamar gilashi. Ka ɗora ɗaya ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ka ga zuciya na bugawa, ka ga ƙwayoyin jini suna bin jijiya a layi. Sai ka ɗan soki jijiyar wutsiya da tsinken haske, ka zauna ka ga yadda gudan jini zai taru ya toshe ramin. Kifayena jininsu daskarewa yake fiye da kima, nata kuma zuba yake. 'Yan bene na sama suna ce mana Toshe da Yoyo. Ni ce Toshe, kuma na san ba don kifin kaɗai suke faɗa ba.

Ni abinci nake nema da aikin nan. Merrin kuwa abin gidansu take bi. A Port Ennor, wani ɗan gari a bakin teku da gonakin sha'ir suka kewaye, matan gidansu haihuwa ce take cinye su. Ba kuma a kan gadon haihuwa ba. A haihu lafiya, a sallame su, a dawo gida, matan coci su kawo kek, sai bayan kwana biyu ko uku jini ya ɓalle. Haka kakarta ta tafi. Haka mahaifiyarta ta tafi a haihuwar Merrin ɗin kanta. Yayarta Tamsin ce ta yi mata uwa, ita ma da lokacinta ya zo ta bi su.

Sau ɗaya tak Merrin ta ba ni labarin, muna wanke tankuna, ba ta ko kalle ni ba. Ta zo hutu daga jami'a, Tamsin ta haihu kwana uku. Da rana ta shigo daga shanya ta tarar da ita kwance a gefe ɗaya, bargo har wuya, jaririya na tsala kuka a kusa da ita. Sai Merrin ta yi sanɗa, ta ɗauke jaririyar, ta ja ƙofa a hankali, ta je baranda ta zauna tana jijjiga ta don yayarta ta samu barci. Ta ce mini, "Har waƙa na yi mata, Glenys. Na daɗe ina waƙa." Da ta koma ta ɗaga bargon, katifa ta riga ta shanye komai. Jaririyar nan ita ce Keziah, kuma Merrin ce ta raine ta.

Asibitoci sun sha gwada jinin 'yan gidan, kullum lafiya lau, domin jinin yana daskarewa a kan lokaci kamar na kowa. Merrin ce ta gano wani abu bayan doguwar wahala. Akwai wata ƙwayar gado, irin wadda 'ya'ya ke gada daga iyaye, da ke hana gudan jini narkewa kafin ciwo ya warke. Ita ƙwayar ƙalau take a gidansu. Amma a gefenta, a wurin da ke kunna ta da kashe ta, harafi ɗaya na rubutun halitta ya sauya. Ta same shi a jinin Tamsin da aka adana, ta same shi a nata, ta same shi a na Keziah. Ta ɗauki harafin nan ta dasa wa kifi. Kifayen farko, in an soke su, gudan jini ya taru tsaf ya toshe ramin. Ka je ka sha shayi ka dawo, ya narke, jini ya cika wutsiya.

Al'adarmu ce kowace zuriyar kifi a raɗa mata suna a manna a jikin tanki. Mutane kan sa sunan abinci ko na wani ɗan ƙwallo. Merrin ta rubuta *tamsin*. Ba na son wannan layin na ɗakin kifi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Ɗakin ba taga, ɗumi kullum kamar bayan ruwan bazara, injin ruwa na gurnani ba dare ba rana, sai ka juyo kwana ka ga sunan matacciya jere a tanki bayan tanki daga ƙasa har sama. Merrin ta taɓa ce mini in ta daɗe a wurin takan ji kukan jariri a cikin ƙarar injin. Na ce mata ta je a wanke mata kunne. Amma daga ranar ni ma nake shiga da rediyo.

To yanzu Keziah tana da tsohon ciki. An riga an shirya komai: za ta zo Adelaide ta haihu a babban asibiti, ta kwanta sati biyu ana ba ta maganin da ke hana gudan jini narkewa. Wannan shirin ne Merrin ta rushe da waya ɗaya.

Na ce, "Ta yaya kifi zai warke daga abin da ya gada? Addu'a kika yi musu?"

Ta ce, "Kin fi ni sani. Almakashin da muke yanka ƙwayar gado da shi yakan yi ɓarna a wuraren da ba a aike shi ba. Ɓarnar ce ta sa na farkon suka yi yoyo. Yanzu an yi zuriya bayan zuriya, ɓarnar ta wanke, harafin yana nan daram, kifi kuma lafiya. Ke nan harafin ba shi da laifi."

"Uwarki fa? Tamsin fa?"

"Nisan asibiti, da zamanin da, da rashin sa'a. Mata nawa suka mutu haka a ƙauye?"

Haka littafi ya ce, ba ƙarya ta yi ba. Na cinye fastin don haushi.

Ranar Juma'a Keziah ta zo gari sayen kayan jariri, ta biyo ta wurinmu. Doguwa ce mai ƙarar murya, tun tana 'yar firamare take zuwa ta zauna a ƙarƙashin teburina tana cinye mini biskit. Ta cika ƙofa da cikinta ta ce, "Anti Glenys, har yanzu ba ki yi ritaya ba? Ai kifayen ma sun gaji da fuskarki."

"Ke kuma wa ya ce ki haɗiye tankin ruwa?"

Ta yi dariya ta rungume ni. Ta ce a gida za ta haihu, a ɗan asibitin garinsu. Girbin sha'ir ya kama, mijinta Digby yana kan injin girbi daga safe har duhu, ba zai iya barin gona ya zo ya yi sati biyu yana zaman jinya a birni ba.

Na ce, "Sha'ir ba zai gudu ba. Zo ki kwanta a nan, me za ki rasa?"

Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Anti, kin san yadda na tashi? In na yanke da wuƙa a kicin, mutum uku ke tashi tsaye. Ranar aurena tsofaffin coci kuka suke, ba na murna ba. Da na ce ina da ciki, matar mai kanti ta riƙe hannuna ta ƙi saki, kamar ana ban kwana. Tun da aka haife ni ake kallona kamar gawa mai tafiya." Ta juya ta kalli Merrin. "Ran Talata Anti Mez ta kira ni ta ce ba komai a jinina. Daren nan na yi barcin da ban taɓa yi ba. Kada ki ƙwace mini shi."

Merrin tana tsaye a bayanta, idonta cike da hawaye, tana murmushi. Wallahi na ji tausayinsu har cikin ƙashina, na kama bakina.

Litinin da yamma na sauka ɗakin kifi haɗa aure. Haka muke ce wa aikin. Kifin nan ba ya daɗewa, in zuriya ta fara tsufa sai a ɗebo maza da mata a zuba su bibbiyu a ƙananan kwanuka da shinge a tsakani, da safe fitila na kamawa a cire shingen, su zubar da ƙwai. Merrin tana layinta da 'yar ragarta tana nata. Na jingina ina jiran ta ba ni hanya, sai na tsinci kaina ina kallon hannunta.

Ragar ta shiga tanki. Ta wuce wata ramammiya da ke laɓe a kusurwa, ta wuce wata mai ɗan ja a gindin fiffike, ta bi wata ƙatuwa mai sheƙi da ke yawo a sama ta kamo. Ta sake shiga, ta sake kamo ƙato. Sannan ta dawo kan mai jan nan, ta ɗebo ta a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, ta kai ta kwanon ƙanƙara inda muke kashe kifayen da ba su da lafiya. Bakinta na motsi, ban ji abin da take faɗa ba.

Ba wani baƙon abu ta yi ba. Kowa haka yake yi, ni ma haka. Mai ƙiba ita ke ba da ƙwai da yawa, kuma dokar kula da dabbobi ta ce kifin da ke shan wahala a hutar da shi. Hannun duk mai kiwon kifi ya san wannan tun kafin kansa ya sani. Amma na kasa ɗauke ido daga kwanon ƙanƙarar.

Na ce, "Mez, tun yaushe kike cire masu jan nan?"

"Kowace safiya. Me ya faru?"

"Tun farko?"

"Ba zan bar su suna zubar da jini a gabana ba, Glenys."

"Kuma wa da ƙanwa kike haɗawa, duk daga tankunan nan?"

Ragar ta tsaya a cikin ruwa.

Na ce, "Duk wadda abin ya kama, kin kai ta ƙanƙara kafin ta haihu. Duk wadda ta ɗauki harafin amma wani gadon daban ya rufa mata asiri, ita kika aurar. Shekara da shekaru. Ba warkewa suka yi ba, baiwar Allah. Ke kika tsince masu sulke kika tara su a ɗaki ɗaya."

Ta ce, "Ba ki da hujja."

"Ba ni mata huɗu in haɗa su da mazana na daji da ba a taɓa musu ƙwayar gado ba, waɗanda ba su da dangi da naki. In ɓarnar almakashi ce, ta tafi ke nan, ba za ta dawo ba. In sulke ne, baƙon jini zai raba shi biyu, mu ga abin da ke ƙasa. Keziah ba 'yar tankinki ba ce, ubanta daga wani gida ya fito."

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Kin ji yarinyar nan da kunnenki. Kin ji ta ce ta yi barci. Ke wace irin mace ce? Abu ɗaya mai daɗi ya shigo gidanmu tun kafin a haife ni, shi ne kike nema da tsinke?"

"Ni irin macen da ba ta son zuwa jana'iza ce."

Kaico, da na san yadda za ta fito da ban faɗe ta haka ba, amma bakina ba ya da birki. Merrin ta yi fari fat. Ta tsoma raga ta kamo mata huɗu, manya masu sheƙi, ta zuba a kwano ta dangwara mini a hannu har ruwa ya jiƙa mini riga.

"Ɗauki. Ki yi, ki gani, ki bar ni in huta. Amma in kika kira Keziah kafin ki ga wani abu da idonki, ni da ke har abada."

Na amsa mata, domin lissafina ya nuna akwai lokaci. Haihuwa saura sati uku, 'ya'yan kifi kuwa cikin 'yan kwanaki jininsu ke fara gudu.

Da safe na cire shinge, suka zubar da ƙwai, na tsince na sa a ɗumi. Merrin ta daina gaishe ni. In na shigo ɗakin shayi sai ta ɗauki kofinta ta fita. Ni kuma kullum sai na leƙa ƙwayayen nan sau ba adadi, kamar kallo zai sa su yi sauri. Na ga ɗigon ido ya fito, na ga wutsiya ta miƙe, na ga zuciya ta fara motsi ba jini tukuna. A jikin kwanon ban rubuta suna ba, hannuna ya ƙi.

Jariri bai san lissafi ba. Ran Asabar naƙuda ta kama Keziah, kafin Merrin ta gama tuƙi zuwa Port Ennor an haifi mace. Ran Talata da safe sai ga Merrin ta dawo aiki, ta zo har teburina, ta tura mini wayarta a gaban hanci.

"Kalli. Uwa lafiya, 'ya lafiya. Ungozoma ta ce ba ta taɓa ganin haihuwa mai tsabta haka ba. Jiya aka sallame su, uwar Digby tana gidan tana kula da su." Ta janye wayar. "Na yafe miki, Toshe."

Jaririya ja-jawur da gashi kamar na masara. Na ce ta yi kama da Digby, Allah ya ba ta haƙuri. Merrin ta yi dariya ta mangare ni a kafaɗa.

A safiyar nan 'ya'yan kifina suka isa gwaji. Na sauka na jera su, na soki na farko. Gudan jini ya taru tsaf ya toshe. Na biyu haka, na uku haka, har na gama layi. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi kunyar yawa. Na ce a raina, tsohuwar banza, kin kusa kashe abota a kan zargi. Na mayar da su ɗumi na hau sama, har na saya wa Merrin kofi a kantin ƙasa, abin da ban taɓa yi ba.

Bayan abincin rana na koma don in zubar da su. Ban san me ya sa na sake ɗora ɗaya a madubi ba, sabo ne kawai. Na sunkuya na duba.

Gudan ba ya nan. Inda yake ɗazu sai rami, jini na tsiyaya ta cikinsa a hankali, ya taru a wutsiya ja-jawur. Zuciyar tana ta bugawa da sauri, amma abin da take turawa ya kusa zama ruwa. Na ɗora na biyu, ƙalau. Na uku ya zube. Na huɗu ya zube. Kusan rabinsu, daidai waɗanda suka gaji harafin. Rediyo na ta surutun wasan kurket, na miƙa hannu na kashe, sai ƙarar injin ruwa ta cika ɗakin.

Ban hau bene ba, daga ƙasan matakala na ƙwala mata kira. Ta sauko tana cewa me kuma. Na matsa na ba ta kujera. Ta sa ido a madubin. Can ta ce da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, "Ina jin warin ɗakin Tamsin."

Na ce, "Yau kwana nawa da haihuwar?"

Ta ɗago ta kalle ni. Ta lalubo waya, wayar ta faɗi a ƙasa, na ɗauka na miƙa mata. Ta kira Keziah, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta kira Digby ta sa a lasifika.

Ƙarar injin girbi ta fara shigowa, sannan muryarsa cike da fara'a. "Anti Mez! Har kin yi kewar jikarki?"

"Digby, ina Keziah?"

"Tana gida tana barci. Ta ce jikinta ba ƙarfi, sanyi take ji, na lulluɓe ta kafin in fito. Mama ta ɗauki jaririyar sun fita baranda don ta samu ta huta."

Merrin ta yi wani sauti, ba kuka ba, ba magana ba. Na fizge wayar.

"Digby, Glenys ce. Kashe injin nan ka tafi gida yanzu."

"Anti, saura layi biyu in gama wannan gefen, kuma an ce iska za ta..."

"Uban sha'ir ɗin! Sauka ka ruga! Kada ka kashe waya. In ka isa ka ɗaga bargon."

Injin ya mutu. Muka ji ya dira ƙasa, muka ji ƙofar mota, muka ji tayoyi a kan tsakuwa. Da ɗaya hannun na ɗauki wayar bango na kira motar asibiti, na ba su sunan gonar, na faɗa musu sunan maganin, na ce su tanadi jini da jirgin sama. Matar ta tambaye ni ko na ga mara lafiyar da idona. Na ce na gan ta, ba ƙarya nake ji na yi ba. Merrin tana durƙushe a kan siminti mai jiƙa, ta rungume gwiwoyinta, a ƙarƙashin layin tankunan nan.

Ta waya muka ji kare na haushi. Muka ji ƙyauren gida. Muka ji muryar tsohuwa tana cewa, "Shhh, a hankali mana, za ka tashe ta." Takalmansa a kan katako. Ƙofa.

"Kez? Kez, tashi."

Shiru. Sannan ƙarar zane da aka yaye, sannan Digby ya kira sunan Allah da muryar da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Na yi ta ihu a wayar, tana numfashi? Tana numfashi? Da ƙyar ya ce tana yi, kaɗan-kaɗan. Na ce ya ɗaga ƙafafunta, ya danna ƙasan cibiya da duk ƙarfinsa, kada ya saki ko hannunsa zai karye. Bai saki ba har motar ta iso.

Jirgin asibiti ya kawo ta Adelaide kafin faɗuwar rana. Ta rayu. An ƙara mata jini fiye da wanda aka haife ta da shi, kuma sai da aka cire mahaifa kafin ya tsaya. Tana da shekara ashirin da shida, ta sha faɗa mini 'ya'ya biyar take so, don gidan ya yi hayaniya.

Sai bayan mako guda aka bar mu muka shiga tare. Merrin ta rame ta zama kamar sanda, kullum tana bakin ƙofar ɗakin, ta kawo miya, ta kawo kayan sawa, amma ba ta iya daɗewa a ciki. Keziah tana jingine da matashi, leɓɓanta fari, jaririyar na kwance a ƙirjinta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi. Ta miƙa hannu Merrin ta kama, suka daɗe a haka.

Can Keziah ta shafa kan jaririyar ta ce, "Ita ma tana da shi?"

Merrin ta buɗe baki da sauri. "Rabi da rabi ne, kuma ko da tana da shi, yanzu mun san..."

"Kada ki amsa, Anti Mez." A hankali ta faɗa, ba ta saki hannunta ba. "Kina sona da yawa. Duk abin da kika duba mini, abin da kike roƙo za ki gani." Ta juyo gare ni. "Anti Glenys, ke da ba ki da tausayi, ke za ki duba ta."

Merrin ta gyaɗa kai. Ta zare hannunta, ta gyara bargon a ƙafafun Keziah, ta ɗauki kwanon miyar da ba a taɓa ba, ta fita.

Na shafo yawun jaririyar da auduga, ta yamutsa fuska ta ci gaba da barci. Ni na yi gwajin da hannuna, na maimaita, na ba wani a bene na sama ya sake ba tare da ya san na wa ba ne. Tana da shi.

Ranar da zan kai labarin Merrin ce ta tuƙa ni har ƙofar asibiti. Na ce ta zo mu shiga. Ta girgiza kai, hannuwanta biyu a kan sitiyari, injin a kashe. Na shiga ni kaɗai na faɗa wa Keziah.